Ɗana, Sauke Makullin Nan Daga Jikin Kalanda

Ɗana, na ji an ɗauke ka aiki, an kuma damƙa maka kwamfutocin ofis. Allah ya sanya alheri, ya sa ka shiga a sa'a. Kafin ka taɓa waya ko ɗaya, ina so ka zagaya ɗakunan ma'aikata ka dubi bango. Dubi gefen kalanda, ɗaga kibod ka leƙa ƙarƙashinsa, buɗe bangon baya na littafin sa hannu. A ɗaya daga cikin wuraren nan za ka tarar da suna guda da kalmar sirri guda, an rubuta da biro, kowa da su yake shiga.

Na san haka ne domin ni ma na taɓa rubuta irinsu da hannuna. A wani ofis da na yi aiki nan ƙasar Haɗejia, mai hulɗa da manoman shinkafa na fadama, muna da wata kwamfuta a ƙuryar sito da muka mayar rumbun takardu. Irinta ake kira saba, wasu su ce uwar garke. Ma'aikatanmu na karkara, daga wajen Auyo har Guri, su kan turo mata jerin sunayen manoma, da girman gonar kowa, da buhun taki da na iri nawa aka ba shi, da hotunan takardun bashi. Na buɗe suna ɗaya, na sa masa kalma mai sauƙin tunawa, na rubuta a gefen kalanda don kada a riƙa tashina daga barci ana tambaya. Wata Litinin, saura kwana biyu a fara rabon takin noman rani, akawu ya buɗe jerin ya ga wasu sunaye sun ɓace, wasu baƙi sun shigo. Manaja ya aiko aka kira ni. Ya ce, "Malam, wa ya taɓa?" Na buɗe littafin shige da fice na sabar, ga abu nan dalla-dalla: an shiga daren Asabar, bayan sha ɗaya. Wa ya shiga? Sunan nan guda da na buɗe. Cikin waɗanda suka san kalmar akwai ɗan bautar ƙasa da ya gama ya koma garinsu tun bara, da direban da aka sallama, da yaron da ke kaɗe ƙurar kalandar kowace safiya. Aka yi ta kallon-kallo, har wasu na cewa a ɗauko Alƙur'ani a rantse. Mutum biyu da ke cin tuwo a kwano ɗaya suka daina gaisawa. Ba a kama kowa ba, kuma ba za a kama ba, domin ni ne ban bar hanyar kamawa ba.

Kada ka ɗauka sakacin ƙauye ne. A 2019 wani mai bincike, Vinoth Kumar, ya sanar da kamfanin SolarWinds na Amurka cewa kalmar sirrin wata sabarsu ta aika fayil tana zube a fili a GitHub, kuma ba wata kalma ba ce illa sunan kamfanin da aka liƙa wa 123 a wutsiya. Da majalisar dokokin Amurka ta titsiye shugabannin kamfanin a Fabrairun 2021, ka san wa suka ɗora wa laifin? Ɗan koyon aiki. Ka riƙe wannan da kyau, domin a ofishinku kai ne ƙarami, kuma ranar da abu ya ɓaci, inda katanga ta fi gajarta nan ake haurawa.

Abin da zai fara zo maka a rai shi ne ka buɗe wa kowa sunansa a kan sabar. Ya fi da, ban musa ba. Amma ka ƙirga: imel na da jerin sunayensa, manhajar albashi na da nata, wayafai ɗin ofis na da nasa, yanzu rumbun fayil ma ya samu nasa. Littafi huɗu ke nan. Ranar da aka yi wa mutum canjin wurin aiki zuwa Dutse, za ka goge shi a uku ka manta na huɗu, kuma ta na huɗun nan ake shigowa. A watan Mayun 2021 ɓarayin intanet sun tsayar da bututun mai na Colonial Pipeline, aka yi ta layin mai a gabashin Amurka kamar a nan gida, kamfanin ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4. Ta ina suka shiga? Ta wani tsohon sunan shiga da aka daina amfani da shi, ba a kuma rufe ba.

Kakanninmu sun daɗe da warware wannan matsala, ba da kwamfuta ba. Idan baƙo ya zo neman haya ko neman aure a Haɗejia, maigida ba ya ajiye littafin mutanen gari a ƙarƙashin filo. Aike yake yi wurin mai unguwa: ka san wane? Mai unguwa ya ce na san shi, ɗan gidan wane ne, ko ya ce ban san shi ba, ko ya ce da yana nan amma ya tashi. Wuri ɗaya ake tambaya, kowa kuma can yake tambaya. Wannan shi ne kundin sunaye na tsakiya. Yaren da kwamfutoci ke tambayarsa da shi sunansa LDAP, wanda Tim Howes na Jami'ar Mishigan da abokan aikinsa suka fito da shi a 1993. Idan ofishinku na Windows ne, mai yiwuwa kuna da shi ba ku sani ba, shi ne Active Directory da Microsoft ta fitar tare da Windows 2000. Idan ba kuɗi, akwai OpenLDAP, kyauta ne tun 1998. Har tsarin sunayen ma irin namu ne: cikakken sunan mutum a kundin yana farawa daga shi kansa, ya hau zuwa sashensa, ya hau zuwa ma'aikatar baki ɗaya, kamar yadda mutum zai ce ni ne wane, na unguwa kaza, ƙasar hakimi kaza, masarautar Haɗejia.

Ga yadda abin ke tafiya idan ka haɗa su, kuma ina so ka fahimce shi kafin ka kwafi umarnin kowa daga intanet. Ma'aikaci ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa. Sabar ba ta san shi ba, ba ta kuma ajiye kalmar kowa. Sai ta tura ɗan aikenta, wani suna na musamman da ka buɗe mata a kundin, ya shiga ya nemo: akwai mai wannan suna a reshe kaza? Kundi ya dawo da cikakken sunansa. Sai sabar ta sake ƙwanƙwasa wa kundin, wannan karon da sunan ma'aikacin da kalmar da ya bayar. Idan kundi ya karɓa, ta buɗe masa. Idan ya ƙi, ta ƙi. Shi ke nan. Cikin manhajojin da ke tafiyar da irin wannan saba, ProFTPD na da wani sashe na wannan aiki mai suna mod_ldap, Pure-FTPd ya iya da kansa, vsftpd da OpenSSH kuwa ta hannun PAM suke bi, galibi tare da SSSD. Sunaye ne kawai, duk rawa ɗaya suke takawa.

To, ɗan aiken nan, ka yi hattara da shi. Kalmar sirrinsa a rubuce take cikin fayil ɗin saitin sabar, duk wanda ya kai ga fayil ɗin zai karanta ta kamar allo. Na sha ganin samari, don gaggawa, sun sa sunan babban mai kula da kundin a wannan gurbi, wai don kada abu ya ƙi aiki. Ba a aiken yaro sayen gishiri da makullin taskar gida a wuyansa. Buɗe masa suna nasa na kansa, wanda ba ya iya komai sai karatu, karatun ma a reshen da ake buƙata kaɗai, sannan ka kulle fayil ɗin saitin yadda babu mai buɗe shi sai sabar.

Akwai wani rami kuma da ba a faɗa wa yara a aji. A ƙa'idar LDAP, idan aka ba kundi suna aka bar wurin kalmar sirri fanko, wasu kundaye ba sa cewa a'a. Su kan ɗauki mutum a matsayin ɗan kallo marar suna, su amsa da to. Manhajar da ba a rubuta da kula ba sai ta ji an ce to, ta ɗauka an tantance shi, ta wangale ƙofa. Takardar ƙa'idar ta 2006, RFC 4513, ta yi gargaɗi a kan wannan ƙarara. Don haka ranar da ka gama haɗawa, rubuta sunan manaja, ka bar kalmar sirri ba komai, ka danna. Idan ta buɗe, kada ka tafi gida.

Yanzu ga maganar da ta sa na zaunar da kai. Da can, kalmar kalanda rumbun fayil kaɗai take buɗewa. Yau da ka haɗa komai da kundi ɗaya, kalmar da akawu zai rubuta don tura fayil ita ce ta imel ɗinsa, ita ce ta manhajar albashi, ita ce ta kwamfutarsa. Ka tara ƙwai a kwando ɗaya, dole tafiyarka ta canza. Shi kuwa FTP, yaren da ake tura fayil zuwa sabar da shi, tsoho ne tukuf. Abhay Bhushan ya rubuta ƙa'idarsa ta farko a Afrilun 1971, kafin a gama madatsar Tiga, shekara 20 kafin a ƙirƙiro Jigawa. Fasalin da ake amfani da shi har yau na 1985 ne. A zamaninsa masu amfani da netwok ɗin 'yan tsiraru ne da suka san juna, don haka suna da kalmar sirri tsirara suke tafiya a kan waya, kamar ka ba yaron mota wasiƙa ba ambulan ka ce ya kai Kano. Duk wanda ke kan wayafai ɗaya da akawu, in ya san 'yar dabara, zai karanta. Chrome da Firefox duk sun yar da shi a 2021. Haɗa tsiraran FTP da kundin tsakiya ya fi kalanda muni, domin kalanda ƙofa ɗaya ta bayar, wannan kuwa gidan duka zai bayar.

Ka koma SFTP, mai bi ta cikin SSH a ƙofa ta 22. Shi kansa SSH ɗin, Tatu Ylönen ya rubuta shi a Finlan a 1995 ne bayan an kama ana satar kalmomin sirri a kan wayar jami'arsu. Idan akwai tsohuwar na'ura da ba ta jin komai sai FTP, kamar wasu injinan sikana, to ka lulluɓe shi da TLS, ko ka ba na'urar suna nata daban wanda ba ya cikin kundi kuma ba ya buɗe komai sai folda ɗaya. Sannan ka tuna tafiyar zango biyu ce. Daga ma'aikaci zuwa saba zango ɗaya, daga saba zuwa kundi zango na biyu. Yara su kan rufe na farko su yi ta murna, alhali sabar na ɗaukar kalmar tana kai wa kundi tsirara ta ƙofa ta 389. Ko dai ka tilasta StartTLS a wannan ƙofa, ko ka bi ta 636.

A nan ne za ka ci karo da takardar shaida, satifiket ɗin kundin, sabar ta ce ba ta yarda da shi ba. Za ka bincika, za ka samu mai ce maka akwai layi ɗaya da in ka sauya, sabar za ta daina tambaya. Gaskiya ne, za ta daina. Daga ranar kuma duk wanda ya yafa rawani ya ce shi ne mai unguwa, za ta miƙa masa kalmomin mutane. Kada ka taɓa layin nan. Nemo dalili. Ko dai sunan da ka kira kundin da shi bai yi daidai da na jikin satifiket ba, ko ba ka nuna wa sabar hukumar da ta sa hannu ba, ko kuma, a irin ƙasarmu, agogo ne. Kwamfutar da ta sha ƙurar hunturu da zafin Afrilu, ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke cikinta ya mutu, aka ɗauke wuta, aka tayar da janareta, sai ta farka tana zaton shekarun baya ake. A wurinta satifiket ɗin bai ma fara aiki ba. Kerberos, wanda Active Directory ke dogaro da shi, ya fi haka tsauri: saɓanin da ya wuce minti biyar tsakanin agogo biyu ya isa ya hana kowa shiga. Na taɓa kwana biyu ina zargin netwok, ashe batirin da bai kai kuɗin kwanon gero ba ne.

Kasancewar mutum ɗan unguwa bai ba shi izinin shiga kowane ɗaki ba. Buɗe rukuni a kundin, ka gaya wa sabar cewa 'yan wannan rukuni kaɗai za ta karɓa. Kowa ka katange shi a foldarsa. Ma'aikacin karkara ya iya zubawa, kada ya iya gogewa. Akawu ya karanta na kowa. Ba sai na tsawaita ba.

Kada kuma ka buɗe ƙofar ga duniya duka don kawai mutumin Birniwa ya samu sauƙi. Sabar da ke fuskantar intanet ba ta wuni ba tare da injinan ɓarayi sun fara gwada kalmomi ba, kuma tunda yanzu kowane gwaji kundi yake kaiwa, suna iya sa a kulle sunan manaja, ya wayi gari imel ɗinsa ma ya ƙi buɗewa. Rumbunan fayil abin farauta ne na musamman: a 2023 gungun Clop sun samu ɓaraka a manhajar MOVEit, suka kwashi bayanan ma'aikatu fiye da 2,000. Sa sabarku bayan VPN, ko ka taƙaita inda ake iya zuwa mata, ka kuma riƙa sabunta manhaja.

Sai maganar ruwa, wadda Bahaɗeje ba ya bukatar a yi masa wa'azinta. Ka tuna damunar 2022, yadda matasan gari suka yi ta kwana a bakin jinga suna cika buhuna da ƙasa, ruwan Tiga da na Challawa na tahowa, ciyawar kachalla ta toshe masa hanya, ƙauyuka da gonaki suka nutse, hanyoyi suka yanke. Irin wannan mako ne aka fi bukatar jerin sunayen manoma, don a san wa ya yi asarar me. Idan kundinku na hedikwata a Dutse ko Kano, sabar kuma na nan Haɗejia, ranar da netwok ya ɗauke fayilolin na gabanka amma babu mai shiga, domin ɗan aike ya rasa kwalekwalen da zai kai shi gidan mai unguwa. Ka nemi a ajiye kwafin kundin a nan, wanda ake karantawa kawai. In ba hali, SSSD na iya tuna waɗanda suka taɓa shiga ya bar su su wuce na ɗan lokaci, amma ka ƙayyade kwanakin, don tunawar da ba ta da iyaka ita ma ƙofa ce ga wanda aka sallama. Ka bar suna ɗaya na ko-ta-kwana a kan sabar kanta, kalmarsa doguwa, a rubuce cikin ambulan da aka liƙe aka sa hannu a baki, a ajiye a sef ɗin manaja. In an buɗe, a canza. Kuma don Allah ka ɗaga sabar da inbata daga ƙasa. Na ga wadda aka ɗora a kan bulo biyu a sito, ruwa bai ma yi wahala ba.

Duk wannan da na faɗa, mai kai irin naka zai iya cikin mako biyu. Yaran Jigawa ba baƙin kwamfuta ba ne, tun zamanin Gwamna Saminu Turaki ake horar da su a Kazaure, ga Kwalejin Binyaminu Usman a nan gida, ga ɗan garin nan Kashifu Inuwa da aka ba ragamar hukumar NITDA a 2019. Abin da zai ba ka wuya ba inji ba ne, kara ce. Wani dattijo zai yi ritaya bayan shekara 35, wanda ya halarci sunanka, a ce ka rufe sunansa ranar Juma'a, hannunka ya yi nauyi. Oga zai leƙo ya ce, "Kai, ba ni naka in shiga, na manta nawa," ko ya ba masinja nasa ya ce ya turo masa wata takarda. Ba za ka iya ce wa sa'an mahaifinka a'a bushe ba, kuma ban ce ka yi ba. Ka ce, "Ranka ya daɗe, minti biyu, bari in sabunta maka naka." Ka tashi ka je teburinsa, ka juya baya ya rubuta da kansa. In yana son masinja ya riƙa tura masa takardu, a buɗe wa masinja nasa, da iyakarsa.

Batun rufe suna kuwa, cire shi daga wuyanka tun yanzu. Samu manaja ya sa hannu a takarda guda: duk wanda ya bar aiki, ko aka canza masa wuri, ko ɗan bautar ƙasa da ya cika shekararsa, ko ɗalibin da ya gama watannin sanin makamar aiki, ofishin mulki zai aiko maka da sunansa ranar, kai kuma ka rufe ranar. Ga 'yan wucin gadi, tun ranar buɗewa ka sa ranar da sunan zai mutu da kansa. Idan dattijo ya yi ƙorafi, takarda ce ta rufe, ba kai ba. Kana da madogara ma a doka, domin tun Yunin 2023 Nijeriya na da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar da ke bin sawunta, kuma sunan manomi da lambar wayarsa da bashin da ke kansa duk suna ciki. Ko ba doka, manomin Kirikasamma da ya dangwala yatsa a takardarku bai san saba ba, bai san kundi ba, ku ya sani.

Ranar da ka gama, kada ka yarda da aikinka sai ka gwada shi. Buɗe sunan gwaji, shiga da shi, tura fayil, duba ko littafin shige da fice ya rubuta sunan da lokacin daidai. Sannan rufe shi a kundi, ka zagaya kana tura kowace ƙofa. Ka kula musamman da masu shiga SFTP da makullin SSH maimakon kalmar sirri, domin in ba ka sa sabar ta riƙa tambayar kundi halin sunan ba, makullin zai ci gaba da buɗewa alhali an rufe mai shi tuntuni. Zare wayar netwok ka ga abin da zai faru. Kashe wuta ka kunna, ka dubi agogo.

Sai ka kashe tsohon sunan nan na kowa da kowa, bayan ka ba da sanarwar mako guda, ka je ka sauke kalandar. Mai yiwuwa wanda ya yi rubutun a jikinta na nan a ofishin, furfura ta fara fito masa, yana kallonka ta gefen ido. Kada ka ɗaga ta a gaban mutane. Naɗe ta ka sa a jaka, ka same shi bayan la'asar, ka ce masa, "Baba, da sunanka nake so in fara."